Sawun da Iska Ba Ta Sharewa

Daren sha huɗu aka ɗauke wuta a Gwammaja.
Tasalla ta ce, "Kaka, tashi mu hau Dala."
Na ce gwiwata ta bar wannan ciniki tuntuni.
Ta ce madubin na aro ne, gobe zai koma makaranta.
Na tashi.
Matakala nawa ne? Ban ƙirga ba,
numfashina ne ya riƙe lissafin.

A sama ta girka shi kan ƙafa uku kamar murhu,
ta ce in runtse ido ɗaya.
Shekara saba'in ina ce masa farin wata sha kallo,
ashe ban taɓa kallonsa ba.
Fuska ce mai zanzana,
rami cikin rami, ƙarami a leɓen babba,
kamar tasar da maƙeri ya yi ta bugu
har ya manta abin da yake ƙerawa.

Ta ce tun kafin ruwa, kafin ciyawa,
wata 'yar duniya ta yi karo da tamu.
Dutse ya narke, ya fallatsa sama,
ɓarɓashin ya yi ta kewaye har ya cure
kamar fura a tafin hannu.
"Haka masana suka fi zato," in ji ta,
"ba wanda ya tsaya shaida."
Na ce, ashe ɗan gida ne,
yaye shi aka yi da ƙarfi.
Mai halitta Ya san yadda Ya yi abinSa.

Baƙin tabon nan fa?
Ta yi dariya: wai teku suka raɗa masa,
alhali ko tsuntsu ba zai jiƙa baki ba.
Narkakken dutse ne ya ɓulɓulo daga ciki,
ya cika kwari, ya daskare, da ƙarfe a jininsa.
Na ƙwanƙwasa sandata a ƙasa.
Waɗanda suka fara hura wuta a gindin dutsen nan,
ai tama suka zo nema.

Sai na tuna Baba Ilu, ma'aunin gyaɗa,
ana tsakiyar yaƙin basasa
rediyo ta ce mutum ya taka wata.
Ya murɗe mata kunne, ya ce,
"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya,"
ya koma kan sikelinsa.
Ni ina ɗan sha huɗu, na ɗaga kai da dare
ko zan hango wani yana motsi.

"Goma sha biyu suka taka," in ji Tasalla.
"Duwatsun da suka kwaso
ba su cika nauyin buhu huɗu na gero ba.
Sun bar madubi ana haska shi daga nan,
da shi aka gane yana ja da baya
gwargwadon tsiron farce, shekara shekara."

Na duba farcena. Jiya na yanke shi.

"Kuma can babu iska, Kaka, babu ruwan sama.
Sawunsu na nan yadda suka bar shi."

Nan na yi shiru.
Baba ya taka lungunmu shekara sittin,
asuba, azahar, har isha,
ranar da muka kai shi
kafin mu dawo awaki sun share hanyar.
Baƙon kwana ɗaya kuwa
takalminsa na kwance a sama, ba mai taɓa shi.

Can ƙasa aka kawo wuta,
yara suka kwashe da ihu daga Ƙofar Ruwa.
Garin ya haskaka, watan ya ɗan kode.
Ta naɗe madubin cikin tsohon zani.
Muka sauko, tana gaba,
ina dafe da kafaɗarta,
ina tambaya ko ƙurar can tana da wari.